Magangarar Ruwa ta Viktoriya: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Fara Doguwar Tafiya Daga Bakin Zambezi

Magangarar ruwa ta Viktoriya tana kan kogin Zambezi, a daidai iyakar ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe, a kudancin nahiyar Afirka. Faɗinta ya kai mita 1,708, wato ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma a inda ta fi tsawo ruwan yana faɗowa daga nisan mita 108. Akwai magangarun da suka fi ta tsawo, kamar ta Angel a Benezuwela mai mita 979, akwai kuma waɗanda suka fi ta faɗi, kamar ta Iguwazu da ke tsakanin Brazil da Ajantina. Abin da ya bambanta ta da su shi ne haɗuwar faɗi da tsawo a wuri guda, har ruwan ya zama kamar labule ɗaya da aka rataya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tsawonta ya kusan ninka na magangarar Niyagara da ke tsakanin Amurka da Kanada. Wanda ya taɓa zuwa Gurara a Jihar Neja, wadda tsawonta bai wuce kimanin mita 30 ba, sai ya ɗora Gurara uku a kan juna ya ƙara da wani abu, sannan ya kusanci abin da ake magana a kai.

Matafiya da yawa da ke shirin zagaya kudancin Afirka na tsawon makonni a nan suke sauke jakarsu ta farko. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya dubi taswira: kimanin kilomita 70 zuwa 80 yamma da magangarar, a Kazungula, iyakokin ƙasashe huɗu ne suke kusan haɗuwa, wato Zambiya da Zimbabuwe da Botswana da Namibiya. Sai dai wanda ya zaɓi wannan wuri ya zama zangonsa na farko ya kamata ya san cewa kogin ne zai tsara masa ranar tashi. Abin da mutum zai gani a watan Afrilu da abin da zai gani a Nuwamba sun yi hannun riga, har wanda ya ga hotunan biyu yana iya rantsewa wurare daban-daban ne.

Suna da tarihi

Tun kafin wani Bature ya taka yankin, mazauna wurin sun san magangarar, sun kuma raɗa mata suna. Wanda ya fi shahara shi ne Mosi-oa-Tunya, daga harshen Kololo da Lozi, ma'anarsa hayaƙi mai tsawa. Sunan ya dace da abin da ido da kunne suke fara riska, domin tun daga nesa ake hango feshin ruwa ya turnuƙe sama kamar an sa wa daji wuta, sannan a ji rugugi. 'Yan ƙabilar Tonga, waɗanda suka daɗe a bakin kogin, suna kiranta Shungu Namutitima.

A ranar 16 ga Nuwamba, 1855, ɗan mishan kuma mai yawon binciken ƙasa David Livingstone, mutumin Sikotland, ya isa wurin. Mutanen Sarki Sekeletu na Kololo ne suka kai shi cikin kwale-kwale har wani tsibiri da ke daf da bakin magangarar, wanda a yau ake kira da sunansa, daga nan ya leƙa ya ga ramin da kogin ke afkawa. Ya sa wa wurin sunan Sarauniya Viktoriya ta Ingila. Shi ma a farkon doguwar tafiya ya yi wannan ziyara, domin a watan ne ya baro Linyanti ya nufi gabas yana bin kogin, bai isa Kelimane da ke gaɓar tekun Indiya a Mozambik ba sai a watan Mayu na 1856. Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa shi ya gano magangarar, alhali waɗanda suka tuƙa shi zuwa bakinta sun san ta tun kaka da kakanni. A yau ana amfani da sunayen biyu tare, kuma da su biyun hukumar UNESCO ta saka wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1989.

Yadda ƙasa ta tsage

Zambezi shi ne kogi na huɗu a tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kongo da Neja, kuma tsawonsa ya haura kilomita 2,500. Yana tasowa daga arewa maso yammacin Zambiya, ya ratsa gabashin Angola, ya komo Zambiya, ya gangaro kudu, sannan ya karkata gabas har ya zuba a tekun Indiya. Kafin ya iso magangarar, kogin yana tafiya a shimfiɗe, cikin natsuwa, da tsibirai da itatuwa, dorina da kada suna harkokinsu. Babu wani tsauni da ruwan yake gangarowa daga kansa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta tsage a gicciye, kogin da duk faɗinsa ya afka cikin tsagin.

Dutsen da ke ƙarƙashin yankin baƙin dutse ne da ya samo asali daga narkakken aman ƙasa kimanin shekaru miliyan 180 da suka shige. Da ya huce ya daskare sai ya tsattsage, daga baya laka da wasu duwatsu masu taushi suka cike tsagogin. Idan kogi ya sami irin wannan tsagi sai ya yi ta cinye abin da ke ciki har ya zama rami mai zurfi, ruwa ya riƙa faɗawa. Bayan dubban shekaru sai ya sami wata kafa mai rauni a leɓen ramin, ya tattara ƙarfinsa can, ya ci baya har ya tarar da wani tsagin, a sake sabuwar magangara. Shi ya sa wanda ya dubi wurin daga sama zai ga kwazazzabai a jere suna karkace-karkace kamar tafiyar maciji: kowane ɗaya tsohuwar magangara ce da kogin ya bari a baya. Aikin bai tsaya ba. A ƙarshen yamma, ɓangaren da ake kira Devil's Cataract, leɓen dutsen ya riga ya yi ƙasa da sauran, kuma masana ƙasa suna ganin daga nan ne kogin ya fara saran hanyar magangara ta gaba.

Wannan tsari ne ya sa kallon Viktoriya ya bambanta da na sauran magangaru. Ramin da ruwan ke faɗawa ƙunci gare shi, don haka mai kallo yana tsayawa ne a ɗaya leɓen, fuska da fuska da ruwan, tsayinsu ɗaya da inda yake zubowa. Duk ruwan da ya faɗo daga faɗin fiye da kilomita ɗaya da rabi sai ya matse ya fita ta wata 'yar ƙofa, ya yi juyi a wani gurbi da ake kira Boiling Pot, wato tukunya mai tafasa, sannan ya bi kwazazzabai ya wuce.

Wane wata za a je?

A nan ne mafi yawan baƙi suke yin kuskure, musamman waɗanda suka fito daga arewacin duniya ko Afirka ta Yamma. Yankin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka yanayinsa kishiyar namu ne. Damina tana farawa ne a wajajen Nuwamba ta kai Maris. Sanyi yana zuwa a Yuni da Yuli, lokacin da manoman Arewa suke tsakiyar noma, kuma sanyin asuba a can yana buƙatar rigar sanyi ta gaske. Zafi mai tsanani kuwa a Oktoba yake, daf da saukar ruwan fari.

Kogin ba ya cika a daidai lokacin da ake ruwan sama. Ruwan da ya sauka a Angola da yammacin Zambiya sai ya fara malala cikin babbar fadamar Barotse, wadda ke riƙe shi tana sakinsa sannu a hankali. Shi ya sa ambaliyar ba ta kai ganiyarta a magangarar sai wajajen Afrilu, bayan damina ta ɗauke. Daga nan ruwa yana ta raguwa har ya kai ƙarshen ƙarancinsa a Oktoba da Nuwamba, inda abin da ke zubowa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na ruwan Afrilu ba.

Daga Fabrairu zuwa Mayu, feshin ruwa yakan tashi sama fiye da mita 400, ana hango shi daga nisan kusan kilomita 50. Ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafa, mutum biyu da ke tsaye kusa da juna sai sun ɗaga murya. Amma a wannan lokaci ba a cika ganin ruwan kansa ba, feshin yana rufe shi, sai iska ta ɗan kaɗa a hango shi na ɗan lokaci ya sake ɓacewa. Mai kallo zai jiƙe sharkaf ko da ya sa rigar ruwa, domin feshin daga sama yake zubowa, daga ƙasa kuma yana tasowa. Waya da fasfo da kuɗin takarda su kasance cikin leda a ɗaure.

A Oktoba da Nuwamba labari ya sauya. Ɓangaren gabas, wanda ke gefen Zambiya, yakan koma baƙin bango na dutse, ruwa na tsiyaya nan da can, wani wurin ma a bushe ƙayau. Babban sashen da ke gefen Zimbabuwe ne kawai ke ci gaba da zuba ba yankewa. Mai son ganin zurfin ramin da fasalin dutsen, wannan ne lokacinsa. A ƙarshen 2019, da fari ya addabi yankin, hotunan busasshen ɓangaren sun zagaya duniya har aka riƙa cewa magangarar ta ƙafe. Ba ta ƙafe ba, bayan 'yan watanni ta dawo da ƙarfinta. Duk da haka farin ba abin wasa ba ne: a 2024 gwamnatocin Zambiya da Zimbabuwe duka sun ayyana shi a matsayin bala'in ƙasa, ƙarancin ruwa a madatsar Kariba da ke gangaren kogin ya jefa ƙasashen biyu cikin doguwar ɗaukewar wutar lantarki.

Ga wanda zuwansa na farko ke nan, kuma bai san ko zai sake dawowa ba, watannin Yuni zuwa Agusta sun fi dacewa. Ruwa yana nan da yawa daga gefe zuwa gefe, feshi ya ragu har ana iya ganin labulen ruwan, sauro ya yi sauƙi, hanyoyi sun bushe. Ƙarin alheri ga mai doguwar tafiya shi ne, a wannan lokaci ciyawa ta fara kwantawa a gandun dajin yankin, namun daji suna taruwa a bakin ruwa, ganinsu ba ya wahala. Illarsa ɗaya: kowa ya san haka, masauki yana tsada, yana kuma cika da wuri.

Idan ziyarar ta dace da tsakiyar watan Musulunci, daga daren goma sha uku zuwa goma sha biyar, kuma ruwa yana da yawa, ana iya ganin bakan gizo da dare, hasken farin wata ne ke haifar da shi a cikin feshin. Hukumomin gandun sukan buɗe ƙofa da dare a irin waɗannan ranaku.

Gefen Zimbabuwe ko na Zambiya?

Daga gefen Zimbabuwe ake ganin kusan kashi uku cikin huɗu na magangarar. Akwai hanyar ƙafa da ta bi leɓen ramin, da wuraren tsayawa goma sha shida, tana farawa daga kusa da mutum-mutumin Livingstone. Hanyar tana ratsa wani ɗan kurmi mai duhuwa, da dogayen itatuwa da tsirrai masu son laima, wanda feshin magangarar kaɗai ke rayar da shi dare da rana, alhali 'yan ɗaruruwan mitoci daga nan busasshen daji ne. Garin Victoria Falls ƙarami ne, daga tsakiyarsa ana iya takawa da ƙafa zuwa ƙofar shiga. An ɗaga darajarsa zuwa birni a 2020.

Gefen Zambiya ya fi kusantar da mutum ga ruwan. Akwai wata siririyar gadar ƙafa da ake kira Knife Edge, wadda a lokacin cikar kogi ratsa ta daidai yake da shiga cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Akwai kuma hanyar da ke gangarawa har bakin Boiling Pot, saukarta da sauƙi, hawanta sai mai ƙwarin gwiwa. Daga wannan gefe ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Livingstone, inda a lokacin ƙarancin ruwa ake kai baƙi wani kududdufi da ke kan leɓen magangarar, Devil's Pool, su yi wanka, wani ɗan dutse ne kawai tsakaninsu da ramin. Ba a zuwa sai da jagora mai izini, kuma da zarar ruwa ya ƙaru ake rufe shi. Wanda bai iya ruwa ba, babu abin da ya rasa idan ya tsaya a tsibirin ya yi kallo.

Birnin Livingstone yana da nisan kimanin kilomita 10 daga magangarar. Shi ne babban birnin Rodeshiya ta Arewa, sunan Zambiya a zamanin mulkin mallaka, daga 1911 har zuwa 1935 da aka mayar da fadar gwamnati Lusaka. A nan gidan tarihi mafi daɗewa a ƙasar yake, inda aka ajiye wasiƙu da kayayyakin Livingstone tare da kayan al'adun ƙabilun yankin. Mai kwana uku a hannu ya ba kowane gefe yini ɗaya. Mai yini ɗaya tak, musamman daga Satumba zuwa Disamba, ya nufi Zimbabuwe.

Gadar da ta haɗa ƙasashen biyu

A ƙasa kaɗan da magangarar akwai gadar ƙarfe mai tsawon mita 198, wadda ta yi sama da ruwa da mita 128. An ƙera sassanta a Ingila, aka kawo su ta tashar jiragen ruwa ta Beira, aka kammala haɗa ta a 1905. Tana cikin burin Cecil Rhodes na shimfiɗa layin dogo daga Cape Town zuwa Alƙahira, burin da bai cika ba. Shi kansa Rhodes ya mutu a 1902 bai ga gadar ba. Har yau jirgin ƙasa da manyan motoci da masu tafiya a ƙafa suna bin ta, daga kanta kuma masu neman abin faɗuwar gaba suke yin tsalle da igiya mai talewa ɗaure a ƙafa, nisan mita 111.

Gadar ta ga siyasa ma. A watan Agusta na 1975, lokacin yaƙin ƙwatar 'yancin Zimbabuwe, an tsayar da taragon jirgin ƙasa a tsakiyarta, daidai kan layin iyaka, aka yi zaman sulhu tsakanin gwamnatin tsirarun fararen fata ta Ian Smith da shugabannin baƙar fata masu fafutuka. Shugaba Kenneth Kaunda na Zambiya da Firaministan Afirka ta Kudu John Vorster ne suka shirya zaman. Wakilan Smith suka zauna a ɓangaren Rodeshiya na taragon, 'yan fafutuka a ɓangaren Zambiya. Zaman ya watse a ranar ba tare da an cim ma komai ba, yaƙi ya ci gaba har Zimbabuwe ta sami 'yanci a 18 ga Afrilu, 1980.

Takardu, lafiya da guzuri

Babu jirgin sama da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa wurin. Ana ratsawa ne ta Addis Ababa ko Nairobi ko Johannesburg, a sauka a filin jirgin sama na Victoria Falls ko kuma na Harry Mwaanga Nkumbula da ke Livingstone. Agogon can yana gaba da na Najeriya da awa ɗaya, motoci kuma hannun hagu suke bi, abin da ya kamata mai tsallaka titi ya riƙa tunawa.

Batun biza shi ya fi buƙatar shiri tun daga gida. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ba ta kai can ba, kowace ƙasa da ƙa'idarta. Tsallaka gadar don ganin ɗaya gefen fita ce daga wata ƙasa da shiga wata, saboda haka mai bizar shiga sau ɗaya, da zarar ya tsallaka ya cinye ta, komawa masaukinsa sai da sabuwa. Mai niyyar ganin gefen biyu ya nemi bizar da ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Akwai bizar haɗin gwiwa ta KAZA da ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe, har da ziyarar yini ɗaya a Botswana, amma 'yan wasu ƙasashe da aka lissafa kaɗai ake ba wa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ya tuntuɓi ofisoshin jakadancin ƙasashen da zai ratsa, ya kammala komai kafin ya biya kuɗin jirgi. Wanda ke son ya taka gadar kawai ya dawo, jami'an shige da fice suna ba da takardar izini ta musamman.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya, za kuma a iya neman sa a kowace iyaka, don haka ya zauna tare da fasfo. Yankin na zazzaɓin cizon sauro ne, ya fi tsanani da damina. Kuɗin Zambiya kwaca ne. A Zimbabuwe dalar Amurka ce ta fi yawo a hannun baƙi, kuma ƙananan takardu sun fi amfani saboda wahalar canji. Kuɗin shiga da ake karɓa daga baƙin waje ya fi na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, na gefen Zimbabuwe kuma ya fi na Zambiya.

Musulmi matafiyi ya lura da abu biyu. Alƙibla daga nan tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas, saɓanin yadda aka saba a gida. Gidajen abincin baƙi kuma suna alfahari da naman daji, har da na kada da na mugun dawa, don haka a tambayi abin da ke cikin kwano kafin a sa hannu. Tuwon masara, wanda ake kira nshima a Zambiya, sadza a Zimbabuwe, da kifin Zambezi da ganye, ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Birai kuwa a bakin ƙofar shiga sun ƙware wajen fizge leda daga hannun mutane, giwaye ma sukan shigo gefen gari, shi ya sa mazauna wurin ke hana baƙo yawo da ƙafa a bayan gari bayan faɗuwar rana.

Daga nan sai ina?

Hanyoyi uku ne a gaban matafiyi. Ta yamma tana kai shi Kasane a Botswana, ƙofar gandun dajin Chobe da ya yi suna wajen yawan giwaye. Tun watan Mayu na 2021 da aka buɗe gadar Kazungula mai tsawon mita 923, an daina dogon jiran jirgin fito tsakanin Zambiya da Botswana. Daga can ana iya shiga zirin Namibiya ta Katima Mulilo, a bi hamada har Cape Town, hanyar da motocin yawon buɗe ido sukan yi kusan makonni uku a kanta. Ta kudu tana bi ta gandun Hwange, mafi girma a Zimbabuwe, zuwa Bulawayo mai nisan kimanin kilomita 440. Ta arewa maso gabas kuwa tana kai wa Lusaka, kusan kilomita 480, daga nan a ƙarasa Kapiri Mposhi, inda layin dogo na TAZARA ya fara. Ƙasar Sin ce ta gina shi a shekarun 1970 domin tagullar Zambiya ta sami hanyar fita teku ba tare da ta ratsa Rodeshiya ba, tsawonsa kilomita 1,860, ƙarshensa Darussalam a gaɓar tekun Indiya. Jirgin yana yawan makara, mai shirin hawansa ya bar kwana ɗaya ko biyu a sarari tsakanin ranar isa da ranar tashin jirgin saman da zai mayar da shi gida.